Tokar da Ba Ta Kwana Ba

Akwai wata yarinya a garin Tambuwal, 'yar aji uku. Shekararta tara. Ita ce 'yar fari a gidansu, shi ya sa Innarta ba ta faɗin sunanta. Sai dai ta ce, "Ke, wagga!" Babanta kuwa, Malam Na'Allah, "Uwata" yake ce mata, don sunan mahaifiyarsa ta ci.

Yarinyar tana da kirki, tana da ƙwazo. Aibinta ɗaya ne, gaggawa. In an aike ta, da gudu take zuwa. In tana cin tuwo, kamar ana korarta. Ko alwala ta yi, sai Inna ta ce, "Koma ki wanke diddigen nan, ruwa bai taɓa shi ba."

Shekara biyu bayan samun mulkin kai, ana gama kaka, sai sanƙira ya zaga gari da shela. Ya ce hukumar En'e ta aiko da saƙo. Daga yau kada a ƙara zubar da sharar abinci a lungu. Kowane gida a haƙa rami a baya, a riƙa zubawa ciki. Duba-gari zai zo ya gani.

Baba ya ji shelar yana zaune a zaure. Ya shigo gida yana dariya.

"Kun jiya? Yanzu shara ma sai an gina mata ɗaki!"

Inna tana tankaɗe. Ta ce, "Malam, ai ƙudan lungun nan sun ishe mu. In rami zai kore su, a haƙa biyu ma."

Washegari a makaranta, malamin ajinsu, Malam Ladan, ya shigo da baƙo. Ya ce, "Yara, wanga shi ne Malam Namadi, malamin gona. Ku buɗe kunnuwanku."

Malam Namadi ya buɗe jakarsa. Ya fito da ɓawon kabewa a hannun dama, da gwangwanin madara a hannun hagu.

"In na binne waɗannan biyu, wanne ƙasa za ta cinye?"

"Ɓawon kabewa!" in ji yara.

"Gwangwanin fa?"

Wata yarinya mai suna Atu, ƙawar yarinyar tamu, ta ce, "Shi sai dai akuyarmu. Ba abin da take bari."

Ajin ya fashe da dariya. Malam Namadi ma ya yi.

Ya ce, "To, ku ji. Duk abin da yake ruɓewa, shi ne na rami. Ɓawon gyaɗa, ƙaiƙayi, ganye, sauran kayan miya. Wanda ba ya ruɓewa, kamar gwangwani da fasasshiyar kwalba da tsohon batir, a ware shi daban. In kun zuba shara, ku barbaɗa toka don ƙuda. Ku watsa ƙasa kaɗan. Ku yayyafa ruwa. Sannan ku rufe da busasshiyar ciyawa, kada rana ta shanye laimar. Bayan 'yan watanni shara za ta zama taki."

Ya ɗaga yatsa. "Amma toka, wadda ta kwana nake nufi. Kun ji?"

"Mun ji, Malam!"

"Kafin damina zan dawo da wani irin masara mai kyau. Duk mai ramin taki zan ba shi. Masara ba ta son yunwa. In ba taki, ba za ta yi ba."

Ranar, da gudu yarinyar ta koma gida. Tun daga zaure take kira.

"Baba! Baba! A haƙa ramin, ni zan kula da shi!"

"Sannu, Uwata. Ki yi sallama tukuna."

Ta koma ta yi sallama, ta sake shigowa. Ta kwashe duk abin da ta ji ta faɗa masa.

Baba ya kai ta bayan gida. Akwai wani ɗan fili a can, kusa da rumbu. Ƙasar wurin ta gaji, ta yi fari. Ko ciyawar kirki ba ta fitowa.

Ya ce, "Kin ga wurin nan? Shekara fuɗu nika shuka shi, ba ni samun komi. In takinki ya tada shi, masarar da ta fito taki ce."

"Tawa ni kaɗai?"

"Taki ke kaɗai. Sai dai in kin ga dama ki sam ma tsoho ɗaya."

Da la'asar Baba ya haƙa rami a jikin danga. Zurfinsa ya kai ƙugun yarinyar.

Inna ce ta tsara mata aikin. Ta ce, "Ba komi ne zai tafi rami ba. Abinci ni'imar Allah ne. Tuwon da ya kwana, ɗumame ne, namu ne. Ƙanzo na awaki ne. Abin da mutum bai ci ba, dabba ba ta ci ba, shi za ki ba ƙasa."

Sannan ta ajiye tsofaffin kasake biyu a gefen murhu.

"Wanga na tokar yau. Wancan na tokar jiya. Ta jiya kaɗai za ki ɗauka. Kuma kafin ki ɗauka, ki tona ta da tsinke, ki kanga bayan hannunki. In kin ji ɗumi, ki bar ta."

"Inna, toka ai toka ce. Wuta ta riga ta mutu."

"A'a. Bisa ne ta mutu. Ƙasa tana nan tana barci."

Haka yarinyar ta fara. Kullum da safe, kafin ta tafi makaranta, sai ta kai shara rami. Ta barbaɗa toka, ta watsa ƙasa, ta yayyafa ruwan wanke-wanke. Ta mai da ciyawa ta rufe. Gwangwani da kwalba kuwa, cikin wani tsohon kwando take tarawa.

Aikin ya yi mata daɗi. Lungunsu ya daina wari. Ƙuda suka ragu. Wata rana ta tona gefen ramin, ta ga ƙasan ya fara baƙi. Har gwazarma ta gani a ciki, farare, masu ƙiba. Kajin Inna suka rufa mata baya suna wawa.

"Inna, zo ki sansana! Kamar ƙamshin ruwan farko!"

Inna ta leƙo, ta ce, "Masha Allahu. Sannu da aiki."

Wata uku suka wuce. Sanyi ya tafi, zafi ya shigo. Ramin ya kusa cika.

Ran nan da safe, yarinyar tana shan koko, sai ta ji muryar Atu a zaure.

"Ƙawa! Fito maza! Yau malamin gona zai raba masara. An ce wanda ya makara ba ya samu!"

Yarinyar ta ajiye ludayi. Ta suri kwandon shara ta yi bayan gida. Ta juye, ta dawo ɗaukar toka. Sai ta tarar kaskon jiya ba komai a ciki. Inna ta kwashe tokar tun da asuba ta goge tukwane.

Ta dubi ɗaya kaskon. Yana cike da tokar da aka kwashe bayan dama koko. Samanta fari fat, ba hayaƙi.

"Ƙawa! Ni dai na tafi!"

"Ki jira ni, ga ni nan!"

Ta waiga. Inna tana ɗaki tana shirya ƙanen yarinyar. Ta sunkuya ta ɗauki kaskon. Ta ji zafi a yatsunta. Ba ta ajiye ba. Ta kama shi da bakin zanenta, ta ruga. Ta juye tokar a rami. Ba ta tsaya yayyafa ruwa ba. Ta ja busasshiyar ciyawa ta rufe, ta fita da gudu.

A makaranta suka zauna suna jira. Aka yi lissafi. Aka yi karatu. Malamin gona bai zo ba. Sai da hantsi ya dubi ludayi sannan ya iso, yana tura kekensa. Ƙaya ce ta fasa masa taya a hanyar Sanyinna.

Ya ce, "Ku kwantar da hankalinku. Akwai na kowa."

Kuma kowa ya samu. Har wanda ya zo a makare ya samu. Aka ba yarinyar nata ƙunshin a takarda. Ta buɗe ta leƙa. Ƙwayoyin manya ne, rawaya, suna sheƙi. Ta ƙulle su a bakin zane, tana ta murna.

Da aka tashi, ta nufo gida tana tsalle. Tana shiga lungunsu ta ji ƙauri. Ta ga mata suna fitowa daga gidansu da tuluna.

Ta zaga bayan gida. Rabin danga babu, sai baƙaƙen guntayen kara. Jinkar rumbu ta babbake daga gefe ɗaya. Ramin kuwa ya lotsa. Ba komai a cikinsa sai baƙin ruwa da toka. Takin wata uku ya tafi.

Inna tana tsaye, fuskarta duk baƙin hayaƙi. Kusa da ita ga Goggo Tambaya, tsohuwar da take suyar ƙosai a bayan dangarsu. Zanenta ya jiƙe sharkaf.

Inna ta ce, "Alhamdu lillahi. Allah ya tsare rumbu. Da Goggo ba ta yi kururuwa ba, da geron shekara ya tafi."

Yarinyar ta tsaya tana kallon ramin.

Da Baba ya dawo daga kasuwa, ya tsaya ya daɗe yana duban wurin. Goggo ta riga ta koma gida.

Ya ce, "Ina wagga wuta ta fito? Ba mai dafa komi a nan." Ya dubi murhun ƙosai a bayan danga. "Ko dai tartsatsi ne daga wurin Goggo? In haka ne, sai in roƙi mai unguwa a canza mata wuri."

Yarinyar ta san Goggo ta fi shekara goma a wurin nan. Nan masu sayen ƙosai suka saba samunta. Kuma kullum sai ta ba ta gyara.

Ta ji ƙunshin masara yana taɓa cinyarta. Ta sunkuyar da kai.

"Baba."

"Na'am, Uwata."

"Ba Goggo ba ce. Ni ce."

Ta fashe da kuka. Cikin kukan ta faɗi komai. Ta faɗi kiran Atu, da kaskon da ba kowa, da zafin da ta ji a hannu.

Inna ta ce, "Kin ji zafin?"

"Na ji."

"Kinka ɗauka duk da haka?"

"Na ɗauka. Na zaci zan rasa masara."

Baba ya dube ta. Can ya ce, "Kin yi laifi babba, Uwata. Amma kin hana ni zaluntar tsohuwa. Wannan kuma na gode miki. Yanzu share hawaye. Akwai aiki."

Ruwan randunan gida uku aka ƙarar wurin kashe wutar. Baba ya ce ita za ta cika su. Ta yi ta kai da kawowa tsakanin rijiya da gida har wuyanta ya ƙage. Kwana biyu kuma tana miƙa wa Baba kara yana ɗaure sabuwar danga. Ba ta fita wasa ba.

Da ta kai ruwa gidan Goggo Tambaya, ta durƙusa ta ba ta haƙuri.

Goggo ta ce, "Au! Ashe ke ce mai wutar? Ni ina suya da mai, ke kina suya da shara! Mi kinka soya mana?"

Yarinyar ta rufe fuska da hannu.

"Tashi, ja'ira. Na yafe. Amma ki sani, ranar na yi gudun da rabona da shi tun ina budurwa."

Ran Litinin ta je makaranta da ƙunshin masara. Da aka fita hutun ƙarfe tara, ta tsaya a gaban teburin Malam Ladan. Ta ajiye ƙunshin.

"Malam, a mai da wa malamin gona. A ba wani."

"Don mi?"

"Ba ni da taki. Na ƙone shi."

Ta ba shi labari. Malam Ladan ya saurara har ta gama. Ya tura mata ƙunshin.

"Ɗauki abinki. Saura kamar wata biyu ruwa ya sauka. In kin samu kashin shanu da shara mai laima, kina juyawa duk mako, taki zai iya nuna kafin nan. Amma sharar gida ɗaya ba za ta isa ba. Sai kin nema."

"A ina, Malam?"

"Ke da ke da ƙafafun gudu? Yau ga ranarsu."

Ta dawo gida ta faɗa wa Inna. Inna ta yi ɗan tunani.

"Goggo tana wanke wake kullum. Dusar waken nan a kwata take zubarwa. Je ki roƙe ta."

Goggo ta ce, "Kwashe duka! Kin hutar da ni. Amma kada ki zo mini da ashana."

Saura kashin shanu. Akwai wata mai tallar nono, Mardiya, da take shigowa gidansu kullum da hantsi. Danginta sun zo cin rani, sun sauka da shanunsu a gonakin bayan gari. Inna ta yi mata maganar.

Mardiya ta yi dariya har ƙwaryarta ta girgiza. "Yau ga abin mamaki! Kowa nono yake nema wurina. Ke kuma abin da ya fito ta baya kike so?"

Inna ta ce, "Ga dusar gero nan, ki kai wa maruƙa."

"To, madalla. Ta zo da kwando. Shanunmu ba su rowa."

Ran Juma'a da safe Baba ya ɗaura wa jaki mangala. Suka je ruga tare. Yarinyar ta cika mangala da hannunta. Mardiya ta ba ta kindirmo a ludayi, ta ce ladan aiki ne.

Atu ma ta zo. Ta ce, "Ƙawa, ni na ruɗa ki ranar. Kuma ƙarya ce anka faɗa mini. Bari in taya ki."

Suka bi gidajen lungu ɗaya bayan ɗaya. Akwai gidajen da har yanzu ba su haƙa rami ba. Matan suka yi murna. Wannan ta ba su ɓawon gyaɗa. Waccan ta ba su karan yakuwa da ɓawon albasa. Su kuma suna tsince gwangwani da kwalba suna warewa. Cikin kwana goma ramin ya cika.

Da duba-gari ya zo zagaye, ya bi lungun daga farko har ƙarshe yana leƙe-leƙe. Bai ga juji ko ɗaya ba. Ya ce wa mai unguwa, "Ban ga lungu mai tsabta kamar wanga ba."

Goggo ta ɗago daga kaskon suya. "Ka gode wa 'yar Na'Allah. Ita ce ta bi mu gida-gida tana barar shara."

Duk mako yarinyar tana juya ramin da fartanya. Malam Ladan ya koya mata wata dabara. Ta soka sanda a tsakiyar takin ta bar ta. In ta zaro ta ji ɗumi, taki bai nuna ba. In aka shuka a kansa haka, zai ƙone saiwa. Sai sandar ta fito da sanyi.

Mako shida suka wuce. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Ran nan da rana tsaka aka sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya. Gari ya ɗauki murna. Washegari kowa ya fita shuka.

Yarinyar ta ruga ta zaro sanda. Ta kama ta. Da ɗumi.

Ta mai da ita. Ta sake zarowa. Da ɗumi dai.

Da yamma Atu ta zo. "Na shuka tawa! Ke fa?"

"Tukuna."

Bayan kwana biyar Atu ta sake zuwa. "Ƙawa, tawa ta tsiro! Kunne biyu-biyu!"

Yarinyar ta shiga wurin Inna, idonta ya cika da ƙwalla.

"Inna, ɗumin kaɗan ne fa. Ɗan kaɗan. In na kwashe yau ba abin da zai faru."

Inna tana tsince shinkafa. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Takinki ne, masararki ce. Ba ni hana ki. Amma ki tuna, rannan ma ɗan kaɗan kinka ji."

Yarinyar ta fita. Ta ɗauki kwando da fartanya ta je bakin rami. Ta tsaya. Ga sabuwar danga a gabanta. Ga jinkar rumbu, har yanzu da baƙin tabo a gefe. Ta daɗe tana kallo.

Sai ta ajiye kwandon. Ta juya takin, ta rufe shi, ta koma cikin gida.

Inna ta matsa mata wuri a tabarma. Suka ci gaba da tsintar shinkafa tare.

Kullum da safe, bayan salla, sai ta je ta taɓa sanda. Rana ta tara, ta zaro, ta kanga a kumatunta. Sanyi ƙalau. Ta tona da hannu. Takin ya yi baƙi, ya yi laushi. Ba ka gane ɓawo, ba ka gane kashin shanu.

"Inna! Baba! Ya huce! Ya huce!"

Baba ya zo ya damƙa, ya sansana. "Kai! Wanga ko a gonata ban da irinsa. Uwata, ba ki sayar mini?"

"A'a!"

Suka kwashe takin suka baza a filin. Baba ya yi mata kunya-kunya. Kwana biyu bayan haka aka sake ruwa. Ta yi bisimilla, ta shuka masararta, ƙwaya biyu-biyu. Wannan karon ba ta yi gudu ba. Kowane rami sai da ta rufe shi da diddige.

Masarar Atu ta riga tata da mako biyu. Amma ta yarinyar da ta tashi, sai ta tashi da ƙarfi. Ganyen ya yi kore shar, har yana baƙi-baƙi. Ta wuce ƙugunta. Ta wuce kanta. Ta wuce hular Baba. Wurin da ko ciyawa ba ta fitowa ya zama duhu. Masu wucewa suna leƙowa ta saman danga.

Malam Namadi ya zo da kekensa ya gani. Ya ƙirga goyon. Mafi yawa biyu-biyu ne. Ya ce, "Wace ce mai wannan gona?"

Baba ya ce, "Ga ta nan. Ni ɗan ƙwadago ne kawai."

Ranar da masara ta nuna, Inna ta hura gawayi da la'asar. Yarinyar ta karyo cikin kwando. Aka gasa. Ƙamshi ya cika gida.

Ta fara kai wa Baba. "Ga ta tsoho ɗaya."

Ta kai wa Goggo Tambaya uku. Goggo ta ce, "Da wane haƙori?" Amma ta karɓa, kuma ba ta bar ko ƙwaya ba. Yarinyar ta ba Atu. Ta ajiye ta Malam Ladan. Mardiya kuwa sun riga sun tashi da shanunsu wajen Kebbe tun farkon damina. Sai yarinyar ta zaɓi manya biyu ta rataye a rumfa su bushe. Ɗaya na Mardiya in sun dawo. Ɗaya na iri.

Da aka gama ci, ta tattara ɓawon masara da totuwa ta kai rami. Ta dawo ta kwashe tokar gashin a kasko. Samanta fari fat, ba hayaƙi. Ta ɗauki tsinke ta tona. Sai ga jan garwashi a ƙasa, yana kallonta.

Ta ajiye kaskon a gefen murhu.

"Ke kam sai gobe," in ji ta.

Inna ta yi murmushi. "To, wagga, mi kinka koya?"

Yarinyar ta ce, "Na koyi abin da ke ruɓewa ba abin yarwa ba ne, abincin ƙasa ne. Na koyi in na yi laifi in faɗa da bakina, kada a ɗora wa wani. Kuma in an ce in jira, in jira. Gaggawar safiya ɗaya ta cinye mini aikin wata uku."

"Allah shi yi miki albarka."

"Amin, Inna."

Yara, ku ma ku riƙe wannan. In babba ya nuna muku yadda ake aiki, ku bi shi daki-daki, ko da ana kiranku a waje. In kun yi kuskure, ku faɗi gaskiya, ku gyara. Yarinyar nan ta yi haka, kuma Allah ya ba ta masararta.

Washegari da safe ta kanga bayan hannunta a kan tokar. Ta yi sanyi. Ta ɗauka ta nufi rami, tana tafiya a hankali.